Kiran da Ban Amsa Ba

Na san abin da aka gaya muku a Karaye. Ba sai kun ɓoye mini ba, don ni ma a kunnena aka sha faɗa, wani lokacin ina zaune ana miƙo mini ƙwaryar fura. Wai kakanku ya kira ni da bakinsa har sau biyu, ni kuma don na ga na zama kyaftin ɗin jirgin sama, na sa farar riga da hula mai baki, ban ko waiwaye shi ba. To, rabin maganar gaskiya ce. Ya kira, ban amsa ba. Ɗaya rabin nake so in ajiye muku tun ina da sauran numfashi, musamman ke Bilkisu, da kika taɓa tambayata abin da ya sa nake ƙwala miki kira da sunanki gatsal a gaban mutane alhali ke ce 'yar fari, har gwaggwanninki suna cewa Legas ta cinye mini kunya.

Ni ma ɗan fari ne, kuma a gidanmu ɗan fari ba a kallonsa, ba a kiran sunansa, ba a nuna an san da shi. Kakanku Bafulatani ne na asali, gidansa a cikin Karaye, garkensa a wajen Yammedi, kunyarsa kuwa ko a cikin Fulani samun irinta sai an tona. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin mahaifiyarsa, Iya, a can na girma ina hango shi ta tsakar gida. In zai yi maganata sai ya ce "wancan", in ransa na da daɗi ya ce "yaron Iya". In muka yi kiciɓis a zaure na durƙusa na gaishe shi, bango yake kallo ya amsa. Inda abin ya fi ci mini rai shi ne garke. Mutumin nan kowace saniya ya san sunanta. Zai tsaya da hantsi ya kira Kyalla, ta ɗago kai ta taho, ya kira Gudale, ya shafa wuyanta yana yi mata Fulatanci a hankali. Ni ina tsaye da igiya a hannu, ga sunana mai kyau da liman ya raɗa mini, Habibu, amma ban kai Kyalla ba. Kada ku ce ƙina yake yi. Ba ya ƙina, kowa ya sani, ni ma na sani. Sanin dai bai taɓa hana ni jin ciwo ba.

Ana nan sai ga Sa'idu, wanda kuke ce wa Baffa Sa'idu, mai zuwar muku da tsaraba da surutu. Ɗan Gwaggo Hanne ne ta Falgore, ƙanwar Baba. Mijinta ya rasu, aka kawo shi riƙo gidanmu. Kun ga ke nan taubashina ne, yana da izinin tsokanata har ranar da za a binne ɗayanmu. Shi ba Baba ya haife shi ba, don haka babu kunya tsakaninsu, duk abin da Baba ya tara a ciki ya rasa inda zai zuba sai ya juye masa. Daga asuba sunan nan ke tashi a gidanmu. Sa'idu kawo buta, Sa'idu zo ka ji, Sa'idu ka ƙoshi? Shi kuma da ƙatuwar muryarsa, "Na'am, Kawu!" Akushi ɗaya suke ci. Wallahi na yi kishin Sa'idu, kishi mai hana cin tuwo, kuma ban ce muku ya wuce ba ko yanzu da duk muka yi furfura. Ja'irin kuwa ya sani sarai. Sai ya same ni a bayan rumbu yana washe baki.

"Taubashi, in kana da magana da Kawu ka ba ni in kai maka. Ni ne gidan wayarku."

"Tafi can, ɗan riƙo."

"Ɗan riƙon da ake kira da suna ba!"

Abin haushin, gaskiya ya faɗa, kuma haka aka yi ta yi har muka girma. Duk abin da ke tsakanina da mahaifina ta bakin Sa'idu yake bi, ko da kuwa a tabarma ɗaya muke zaune. Ka ce wa wancan ya kai maruƙa rafi. Ka ce wa wancan takalminsa ya mutu, ya karɓi sabo wurin Inna.

Kun sha tambayata yadda ɗan makiyayi ya faɗa tuƙin jirgi, ina ce muku rabo ne. Rabo ne, amma da dalili. Wata rana a garke jirgi ya gifta ta samanmu ya nufi Kano, Baba ya jingine sandarsa, ya kare ido da tafin hannu, ya bi shi da kallo har ya ɓace, ya ce ikon Allah. Kallon da ya yi wa ƙarfen nan ya fi duk wanda ya taɓa yi mini in an haɗa. A nan na ƙudura sai na shiga cikin abin nan, in ya so in ga yadda zai kalle shi bai kalle ni ba. Na yi karatu kamar zan mutu, na tafi makarantar tuƙi, na fito, na yi shekaru a kujerar dama ina mataimaki, har aka ba ni ta hagu, ta kyaftin. Ranar da labari ya iso Karaye, abin da Baba ya ce wa mahaifiyata Inna shi ne, an ce yaron Iya ya zama direban sama, Allah ya tsare. Shi ke nan fa. Sa'idu kuwa, da ni na ja shi, ni na zauna ina cusa masa lissafi a ka yana gyangyaɗi, ranar da shi ma ya fito daga makarantar tuƙi aka kayar da bijimi a ƙofar gida. Ni na riƙe ƙafar bijimin aka yanka. Iya ta ga fuskata ta kira ni ɗakinta.

"Maigidana, saki ranka. Bijimin nan naka ne. Kunya ce ta hana a yanka a lokacinka, aka fake da wannan."

"To a faɗa mana, Iya."

"In aka faɗa ai an yi rashin kunyar ke nan."

Shekarar da nake so in ba ku labarinta, zamanin soja ne, damina, lokacin jigilar alhazai. Ni da Sa'idu kamfani ɗaya muke, muna kai da komo tsakanin Kano da Legas a wani matsakaicin jirgi mai inji biyu. Sa'idu ya ga yarinya a Agege, 'yar wani dillalin shanu mutumin Rogo, ita ce Hajiya Rabi da kuka sani. Neman aure sai da Kawu, Kawu kuma sai ya je Legas. Ni shekara da shekaru ina aiken Sa'idu ya roƙar mini shi ya hau jirgina ko sau ɗaya, amsar ɗaya ce, ka ce wa wancan ƙasa ta ishe ni. Amma da Sa'idu ya ce, Kawu, iyayen yarinya suna jira, mota za ta makara, nan take ya ce a ɗauko masa babbar rigarsa. Haushi ya zo mini har wuya. Sai kuma Sa'idu ya yi ƙulle-ƙullensa aka haɗa mu tuƙi ranar, na ji wani abu daban ya taso mini. A zamanin nan kyaftin na da ikon zaunar da baƙo a 'yar kujerar da ke bayansa a ɗakin tuƙi. Ɗakin nan bai kai rabin zaurenmu ba, kuma babu bangon da za a kalla, gilashi ne ta ko'ina. Na ce a raina yau dai mutumin nan zai ga hannuna, in Allah ya so ya kasa haƙuri ya ce mini wani abu, ko da sannu ce, ni da kaina, ba ta bakin kowa ba. Abin da na fito nema ke nan ranar.

Sai na ɗan koya muku aikin kafin ku gane abin da ya faru. Kun san yadda tirela ke wuce mai keke a hanyar Rogo, bayan ta wuce iskarta ta ture shi cikin gona. To babban jirgi in ya tashi haka yake bari a bayansa, guguwa biyu masu juyi daga bakin fukafukansa. Ba a ganinsu da ido, kuma in gari ya yi tsit babu iskar da za ta share su, sai su tsaya a kan hanya. Ƙaramin jirgi in ya shiga ciki kifar da shi suke yi. Maganin abin jira ne kawai. Da zarar na gaba ya ɗaga daga ƙasa, mataimaki ya danna agogon da ke gabansa, a jira 'yan mintoci guguwar ta mutu, sannan a tashi. Doka ta biyu ita ce shiru. Daga lokacin da jirgi ya fara tafiya a ƙasa har ya hau sama sosai, ba a magana a ɗakin tuƙi sai ta aiki. Ba hira, ba gaisuwa, ba amsa kiran kowa. To wa zai gaya wa Baba wannan? Ni dai ba zan iya buɗe baki in ce wa mahaifina ya yi shiru ba. Na ja Sa'idu gefe a gindin matakala.

"Ka gaya wa Kawunka, in muka motsa babu magana sai mun hau. Ka faɗa masa yadda na faɗa maka, kada ka sa masa zuma."

"Haba Kyaftin, ni za ka koya wa magana da Kawu? Kai da amsar ina kwana ma ta bango kake karɓa?"

"Kuma yau ni zan tuƙa. Kai ka riƙe rediyo da agogo."

"Ka ji shi! Ango ne fa ni."

"Angon Agege. A nan mataimaki ne."

Da na dawo daga zagayen duba jirgi, na tarar har ya zaunar da Baba, ya ɗaura masa bel a kan babbar riga, yana ta nuna masa kaya. Wannan na mai ne Kawu, wannan na tsawo, wannan agogo ne, ka ga in na danna sai ya fara gudu. Baba ya sunkuya yana kallon hannun agogon yana ta ikon Allah. Na durƙusa a ɗan lungun na gaishe shi, ya amsa wa rufin jirgi. Ashe ko babu bango mutumin nan sai ya samu. Ina ɗaura bel ɗina na ji yadda aka isar da saƙona.

"Kawu, wai in za mu tashi a ɗan rage hira."

"Hira kuma? Wa zai yi hira a bakin wannan abu?"

Safiya ce mai kyau. An kwana ana ruwa, gari ya wanku ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Muka bi layi, a gabanmu wani ƙaton jirgin alhazai mai inji huɗu, cike maƙil da mutane da mai, yana tafiya kamar saniya mai ciki. Muna tsaye a bayansa Baba ya ce, Sa'idu, sake danna mini agogon nan in gani. Na harari Sa'idu. Ya ɗaga mini gira, wato abu kaɗan ne, ya danna. Na alhazai ya ɗan jima a bakin titi kafin ya saki birki, ya yi ruri har namu na rawa, ya fara gudu a kan titi. Mutumin hasumiya ya yi mana magana ta rediyo, ya ce mu hau titi, mu tashi in mun shirya, mu yi hattara da guguwar na gaba. Ina juya hancin jirgi in daidaita shi kan layi, sai Baba ya ɗaga tafukansa biyu.

Wannan ne bai zo mini a rai ba. Baba ko Rogo zai je cin kasuwa ba ya fita ƙofa sai ya yi addu'ar tafiya, kuma a wurinsa addu'a ba magana ba ce, balle hira. A saninsa bai karya dokar kowa ba. Ya fara da Larabci ya gangaro Hausa. Allah ya kai mu lafiya, Allah ya tsare gaba da baya, Allah ya sa a karɓe mu hannu bibbiyu a gidan mutanen nan. Ku gaya mini, wane ɗan Karaye ne babba zai yi addu'a a bayan kansa ya bar ta ta faɗi ƙasa babu amin? Sa'idu ya zame abin rediyo daga kunne ɗaya, ya juya rabin jikinsa, yana taɓa goshi.

"Amin, Kawu."

"Allah ya ba Sa'idu zaman lafiya da abin da ya tafi nema."

"Amin, Kawu."

"Allah ya ba Sa'idu masu yi masa biyayya yadda yake yi."

"Amin, amin."

Ni hannuna na kan aiki, idona na kan allurai masu nuna gudu da tsawo, amma kunnena na baya. Jira nake in ji ko za a sako ni, ko da a "wancan" ne. Sa'idu, Sa'idu, Sa'idu. Sai can ƙarshe ya ce Allah ya tsare mai riƙe da abin nan, ya shafa. Mai riƙe da abin nan! Zuciyata ta yi zafi, na ce da ƙarfi:

"Lokaci?"

Sa'idu ya juyo ya kalli agogo. Agogo ya nuna jira ya cika har da ƙari, tunda tun dannawar da aka yi wa Kawu yake gudu. Lokacin da na alhazai ya ɗaga, mai dannawar yana can yana amsa amin.

"Ya cika, Kyaftin."

Na tura inji. Muka ɗaga lafiya, Sa'idu ya ɗage tayoyi, rufin kwanon unguwanni ya fara ƙanƙancewa a ƙasa. Sai kawai wani abu ya kama fiffikenmu na dama ya ɗaga, kamar ƙato ya ɗaga gefen gado da mutum a kai. Jirgi ya kwanta hagu. A tagar gefena, inda ya kamata in ga sama, gonar dawa na gani kore shar, har da wani mutum da fartanya ya ɗago kai. Ƙararrawa ta ɗauki kuka, fasinjoji a baya suka sa salati. Na murɗa sitiyari dama har ya ƙure, na taka da ƙafa, jirgi ya ƙi ji, sai ƙara kwanciya yake yi. A irin wannan tsawon babu sararin kuskure, ƙasa tana nan kusa. Abin da ya rage shi ne in riƙe, in ɗan sassauta hanci kada gudu ya mutu, in ƙara wuta, in jira guguwar ta tofar da mu, kuma kada idona ya bar allurar da ke nuna kwanciyar jirgi ko na ƙiftawa ɗaya. A nan ne na ji shi.

"Habibu!"

Ban taɓa jin sunan nan a muryar nan ba, har sai da na ɗauka wani ne ya shigo. Ashe haka yake faɗarsa, yana jan ƙarshen, yadda yake kiran Kyalla in ta nufi gaɓar rafi.

"Habibu!"

'Ya'yana, tun ina yawo babu wando nake jiran wannan. Na'am ta taso mini daga ciki ta zo har maƙogwaro, wuyana da kansa ya fara juyawa. Na danne shi. Na cije haƙora na tsare allurar nan da ido, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sa'idu, gudu! Karanta mini gudu!" Kun ji fa. Mahaifina ya kira sunana, ni kuma na kira Sa'idu.

Sai guguwar ta sake mu. Jirgi ya wuntsulo dama da ƙarfi, na tare shi, ya yi lilo, ya daidaita, muka ci gaba da hawa. Rigata ta jiƙe sharkaf. Can muka huda gajimare muka fito cikin rana, inda doka ta sake mana baki. Na ce to, yanzu zan amsa. Na juya. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa, ya ja gefen riga ya rufe baki. Kunyar ta dawo, har da ƙarin ta abin da ya yi. In na amsa yanzu na tona shi ke nan a gaban ɗan ƙanwarsa, na tabbatar masa ya faɗa kuma an ji. Na buɗe baki na rufe.

"Sa'idu," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Na'am, Kawu."

"Ka ce wa wancan sannu."

A Legas muka gaya wa shugabanninmu abin da ya faru yadda ya faru, aka dakatar da mu duka biyu na ɗan lokaci, aka hana zaunar da baƙo a ɗakin tuƙi. Wannan bai dame ni ba. Aka ba da Rabi, Baba ya ce ƙafarsa ba ta sake taka jirgin sama, ya dawo a na ƙasa. Da abin ya tsaya a nan, da na riƙe kirana a ciki ina jin daɗinsa ni kaɗai. Amma magana ba ta kwana a cikin Sa'idu. Ranar da aka kawo amarya Karaye, gida cike da dangin Falgore da na Gwangwan, ya tsaya tsakar gida yana kwaikwayo.

"Wallahi da kunnena na ji! Kawu ya ce Habibu! Har sau biyu! Shi kuwa Kyaftin ko gezau, bai ko waiwaya ba!"

Wasan taubashi yake yi, na yarda. Mata suka yi shewa, tsofaffin abokan wasan Baba suka tasa shi gaba, wai Bafulatani ya ga mutuwa ya manta kunya. Baba ya tashi ya zari sandarsa ya tafi Yammedi, bai dawo ba sai da biki ya watse. Kafin labarin ya kai kasuwar Rogo an cire guguwa, abin da ya saura shi ne ɗan Malam ya zama Bature, ubansa ya kira shi ya yi banza da shi. Da Sa'idu ya ga inda abin ya nufa, ya same ni a bayan rumbun nan dai, wannan karon babu washe baki.

"Taubashi, na yi ɓarna. Bari in tara su in gaya musu duka, da agogon da komai."

"Ka gaya musu me? Cewa addu'ar Kawunka ce ta ɗauke maka hankali har ta kusa hallaka jirgi guda? Yau ana yi masa dariya don ya kira suna, so kake gobe a ce addu'arsa ce?"

"To kai fa?"

"Ni na saba. Ka rufe bakinka, in kana iyawa."

Ya kuwa rufe, sau ɗaya a rayuwarsa, ni ma na rufe, shi ne kuka taso kuka gaji rabin labari. Ban ce abin ya zo mini da sauƙi ba. Daga ranar ko bangon ma na rasa, don in Baba ya ji takuna a zaure ficewa yake yi ta ƙofar baya. Sa'idu da ya amsa kowace amin ya kusa kashe mu, shi ne ɗa mai ladabi, ana nuna wa yara shi. Ni da na yi shiru muka sauka da ranmu, ni ne marar tarbiyya. In na zo gida na ji "Sa'idu" ya tashi daga ɗakin Baba, sai in ji kamar in koma mota. Abin da ya fi cina shi ne ban san abin da Baba ya ɗauka ba. Ko shi ma raini ya gani? Wa zan tambaya? Sai dai in aiki Sa'idu, ni kuwa na rantse ba zan aike shi da wannan ba. Ke Bilkisu lokacin kina rarrafe, kuma ni ma na fara ce miki "yarinyar nan" yadda aka koya mini. Bayan bikin nan na ɗauke ki a tsakar gida gaban kowa na faɗi sunanki da ƙarfi, Inna ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki. Ban tuba ba har yau.

An shiga shekarun casa'in ciwon ajali ya kama Baba. Na sauka Kano da safe aka gaya mini, ban ko cire rigar aiki ba na kamo hanya, na iso Karaye bayan azahar. Yana kwance a ɗakinsa ya zama ɗan mitsitsi, Sa'idu a wajen kansa yana yi masa fifita, ina kuma zai kasance in ba nan ba. Na durƙusa a dokin ƙofa, inda na saba tsayawa.

"Sa'idu."

"Na'am, Kawu."

"Wancan ne?"

"Shi ne, Kawu."

Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can ya motsa baki.

"Tambaye shi. Ranar nan a sama, ya ji?"

Sa'idu ya dube ni, mafici ya tsaya a hannunsa, ya kasa kai saƙon. Baba bai jira ba.

"Ka ce masa na ga wuyansa ya motsa, na ga ya hana shi. Ka ce masa da ya waiwayo, da ni na kashe mutanen nan da bakina. Ka ce masa ya kyauta."

Ban san lokacin da na rarrafa na shiga ɗakin ba, ni da ban taɓa wuce dokin ƙofar nan ba tun ina yaro. Na matsa har gwiwata ta taɓa ƙafar gado.

"Na'am, Baba," na ce.

Bai kalle ni ba. Ya juya kai wajen Sa'idu, gefen bakinsa ya ɗan motsa da murmushi.

"Ji shi," ya ce. "Sai yanzu."

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

To kun ji ɗaya rabin. In an sake ce muku babanku bai amsa ba, ku ce ya amsa, makara ya yi. Baffanku Sa'idu ya zo makon jiya yana dogara sanda, na karanta masa wannan, ya share hawaye ya ce in rubuta cewa shi ne shaida. Ga shi na rubuta, kuma shi ne fa abin haushin. Murmushin nan nawa ne, ni aka yi wa, babu mai raba ni da shi. Amma a fuskar Sa'idu ya sauka.